Taswirar Firojet: Mu Daina Kwafowa, Mu Koyi Haɗa Ta da R

Duk wanda ya taɓa shiga laburare ya buɗe firojet ɗin waɗanda suka gama kafin mu ya san shafin da zan yi magana a kai. Yana babi na uku, wajen bayanin yankin da aka yi bincike. Taswira ce da aka kwafo daga intanet, aka ja ta aka miƙar har Najeriya ta baje kamar faranti. Babu ma'aunin nisa, babu alamar arewa, babu shekarar da aka zana ta, sunayen garuruwan ma sun dushe saboda yawan ɗaukar kwafi. Kana wuce shafin nan an gama da ita. Alƙaluman binciken suna can babi na huɗu cikin tebur, taswira tana nan babi na uku, ko gaisawa ba sa yi.

Ni ɗalibin ajin ƙarshe ne a sashen ƙididdiga, kuma a ganina wannan al'ada ta isa haka nan. Kusan duk binciken da muke yi a makarantar nan yana da wuri: rijiyoyin burtsatse a unguwanni, farashin hatsi a kasuwanni, masu zazzaɓin cizon sauro a asibitoci, haɗura a kan titi, shara a magudanan ruwa. Tambayar "a ina?" tana cikin kowanne, mu ne muke jefar da ita. Alhali akwai kayan aiki na kyauta da ke haɗa lissafi da taswira wuri guda, wato yaren kwamfutar nan da ake kira R. Bai kamata ɗalibin ƙididdiga, ko safiyo, ko tsara birane, ko aikin gona, ko lafiyar muhalli ya karɓi difloma bai iya ɗora alƙalumansa a kan taswira da shi ba.

Mene ne R ɗin ma?

Malamai biyu ne, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, cikakkiyar fitowarsa ta farko kuma ta zo a watan Fabrairun 2000. Don lissafin ƙididdiga aka yi shi. Maimakon ka yi ta danne-danne a allo, sai ka rubuta umarni layi-layi, kwamfuta ta bi. Lasisinsa ya halatta maka ka sauke, ka raba wa abokai, ka saka a kwamfuta ɗari idan ka ga dama, ba wanda zai ce maka ka biya sisi.

Mutane a faɗin duniya suna rubuta masa ƙarin kayan aiki, kowanne da sunansa. Biyu daga ciki su ne ginshiƙin aikin taswira a yau. Na farko sf, wanda Edzer Pebesma ya fitar a 2016. Shi ne ke riƙe ɗigo, layi da fili mai iyaka: rijiya ɗigo ce, titi layi ne, mazaɓa fili ce. Na biyu terra na Robert Hijmans, mai kula da hotunan da aka yanka gida-gida kamar na tauraron ɗan Adam, inda kowane ɗan gida yake ɗauke da lamba, ta tudun ƙasa ce, ta ruwan sama ce ko ta yawan jama'a.

Abin da ya fi burge ni da sf shi ne bai zo da baƙon abu ba. Tebur ne irin wanda muka saba gani a Excel. Ƙananan hukumomin Kano 44, layi 44 ke nan a kwance. Ga suna, ga yawan mutane, ga yawan makarantu, sai can ƙarshe a ƙara gurbi ɗaya mai ɗauke da siffar iyakar kowace ƙaramar hukuma. Duk lissafin da ka iya yi wa tebur za ka yi wa wannan, kuma duk inda layi ya je taswirarsa na biye da shi. Idan ka gama, ggplot2 ko tmap su zana maka.

Dalilin da ya sa na nace

Mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin ArcGIS da SPSS da ke cikin kwamfutocin ɗalibai kwafin sata ne da aka saka a shagon masu gyara. Suna zuwa da ƙwayoyin cuta, suna ƙin buɗewa ranar da aka fi buƙatarsu, kuma ba za ka tafi da su wurin aiki na mutunci ba. Wanda ya koyi sana'a da kayan da ba zai iya mallaka ba, ranar da ya bar makaranta ya bar sana'ar. R kuwa naka ne har bayan an gama hidimar ƙasa.

Amma araha ba ita ce babbar hujjata ba. Babbar hujjata ita ce shaida. Idan ka haɗa taswira da danne-danne, bayan wata biyu kai kanka ba za ka tuna abin da ka danna ba. Malamin da ke duba aikinka ya ce, "Me ya sa wannan unguwar ta fito ja?" sai ka fara sosa ƙeya. Ya ce a cire mazaɓu biyu a sake lissafi, sai aikin kwana uku ya dawo sabo. A R komai a rubuce yake: daga ina aka ɗauko bayanai, wane layi aka cire, da me aka raba. Malam zai iya karantawa ya ce ga inda kuskure yake. Ka gyara layi ɗaya, ka sake kunnawa, cikin minti guda sabuwar taswira ta fito. Ɗalibar da za ta zo baɗi za ta ɗauki rubutun nan ta saka bayanan shekararta ta kwatanta. Taswirar da ba wanda zai iya sake haɗa ta ya samu abin da ka samu, zane ce kawai, kuma bai kamata a yanke hukunci a kanta ba.

Ga misali don kada maganar ta zauna a sama. A ce kana son sanin mutum nawa ne a ƙaramar hukumarku suke zaune nesa da asibiti fiye da kilomita biyar. Ka sauko da iyakokin ƙananan hukumomi daga rumbun HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka sauko da wuraren cibiyoyin lafiya daga shirin GRID3. Ka sauko da ƙiyasin yawan jama'a na WorldPop, wanda ya yanka ƙasa gida-gida, kowanne kimanin mita 100. Da st_read ka karanto su, da st_transform ka mai da su ma'aunin mita, da st_buffer ka zana da'irar mita 5,000 a kewayen kowane asibiti, sannan terra ya tara maka mutanen da suka faɗo wajen da'irorin. Rubutun ba zai cika shafi ɗaya ba. Amsar kuwa abu ce da kansila ko shugaban sashen lafiya zai iya kallo ya gane inda ake da buƙata. Kwatanta wannan da rabon takardar tambayoyi hamsin a bakin get a ce "kashi kaza sun yarda ƙwarai."

Bayanan ma ba su tsaya nan ba. Hotunan Landsat na Amurka kyauta ne tun 2008. Na Sentinel-2 na Turai suna nuna ƙasa a ma'aunin mita 10, kuma suna dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana biyar. Bayanan tudu da kwari na SRTM suna nan a ma'aunin mita 30. CHIRPS yana da ƙiyasin ruwan sama tun 1981. Tituna da gine-gine suna OpenStreetMap. Duk a buɗe suke, masu shiga ne babu.

Ramukan da ke hanya

Kada wani ya ɗauka cewa da zarar an rubuta umarni shi ke nan gaskiya ta fito. Taswira tana iya yin ƙarya fiye da tebur, don ido yana saurin yarda da launi. Akwai ramuka huɗu da ya kamata a nuna wa duk mai farawa.

Na farko, juya lambobi. Mu mun saba cewa latitud sannan longitud, yadda waya take nunawa. sf kuwa yana jiran longitud tukuna. Birnin Kano yana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. Ka juya su, sai ɗigonka ya tashi daga Kano ya sauka wajen Ganye a Jihar Adamawa. Matsalar ita ce har yanzu yana cikin Najeriya, don haka kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Idan kuma aka cike gurbin da ba a auna ba da sifili, ɗigon zai faɗa cikin teku kudu da Gana. Maganin duka ɗaya ne: kafin kowane lissafi, ka zana ɗigoginka ka kalle su da idonka.

Na biyu, ma'auni. Digiri ba mita ba ne. Digiri ɗaya na latitud ya kai kimanin kilomita 111. Don auna nisa da faɗin fili an fi so a koma tsarin UTM, kuma Najeriya ta ratsa yankuna uku nasa: Sakkwato tana na 31, Kano da Kaduna da Bauchi suna na 32, Maiduguri da Yola suna na 33. 'Yan safiyo sun san wata kuma: tsofaffin taswirorinmu da takardun filaye da yawa an gina su ne a kan ma'aunin Minna, ita kuwa GPS ɗin waya tana amfani da WGS84. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai gomman mitoci. A taswirar jiha ba za ka lura ba. A rikicin fili kuwa ta isa ta saka katangar wani a tsakar gidan maƙwabcinsa. A R kowane tsari yana da lambarsa, 4326 ga WGS84, 4263 ga Minna, 32632 ga UTM na yankin Kano, kuma lambar tana nan a rubuce kowa ya gani.

Na uku, sunaye. Don ka ɗora alƙaluma a kan taswira dole ka haɗa tebur biyu ta hanyar suna. To wani ya rubuta Dambatta, wani Danbatta. Wani ya saka ƙugiya a Ƙaraye, wani bai saka ba. Kwamfuta ba ta san cewa gari ɗaya ba ne, sai ta bar wurin fari fat. Sannan cikin ƙananan hukumomi 774 akwai masu suna iri ɗaya a jihohi daban. Akwai Nasarawa a Kano akwai a Jihar Nasarawa. Akwai Bassa a Filato akwai a Kogi. Akwai Obi a Binuwai akwai a Nasarawa. Ka haɗa da suna kaɗai, sai marasa lafiyar wata jiha su koma wata. Shi ya sa ake haɗawa da lambar ƙaramar hukuma, ko suna da jiha tare, sannan a ƙirga layuka kafin haɗawa da bayanta.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafar mu 'yan ƙididdiga. Idan ka shafa launi bisa yawan masu cuta kawai, birni zai fito ja kullum, don can mutane suka fi yawa kuma can asibitocin da ke rubuta rahoto suke. Abin da ka zana taswirar yawan jama'a ce ba ta cuta ba. Sai ka raba da yawan mazauna kafin ka kwatanta. Bayan haka, wurare maƙwabta sukan yi kama da juna, alhali yawancin gwaje-gwajen da aka koya mana sun ginu ne a kan cewa kowane samfuri zaman kansa yake. Akwai ma'aunin Moran da ke gwada wannan kamannin, yana cikin spdep na Roger Bivand. A nan ne R ya yi wa manhajojin zane zalla fintinkau: inda ka zana taswira, nan za ka gwada ko abin da idonka ya gani gaskiya ne ko dace.

Wannan ba wasan ɗalibai ba ne

Wanda yake ganin batun taswira ƙawa ce ya tuna yaƙi da shan inna. Shekara da shekaru masu allurar riga-kafi suna yawo da taswirar da aka zana da hannu, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba tare da an sani ba. Da aka koma zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka ba ma'aikata wayoyi masu GPS a Kano da sauran jihohin arewa, sai aka riƙa ganin inda aka je da inda ba a taka ba. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agustan 2020. Yawancin bayanan matsugunai da muke saukewa kyauta a yau daga irin wancan aikin suka samo asali.

Mu dubi ambaliya kuma. A 2022 ta kashe mutum sama da 600 a ƙasar nan, yankin Haɗeja na cikin inda ta fi yi wa ɓarna. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Wace unguwa ce ke kwari, wace makaranta ce ke kan tudu da za a iya tsugunar da mutane, gidaje nawa aka gina a hanyar ruwa cikin shekaru goma? Duk tambayoyi ne da ɗalibin difloma zai iya fara amsawa da bayanan da na lissafa a sama.

Kuma muna da abin da masanin da ke zaune a Turai ba shi da shi. Ya ga ɗigo a taswira an rubuta asibiti. Mu mun san rabon da a ga ma'aikaci a ciki an daɗe. Ya auna kilomita uku a miƙe. Mu mun san akwai kwazazzabo a tsakani, kuma a watan Agusta ko babur ba ya ƙetarewa. Ya ɗauki yawan jama'a na WorldPop kamar yankan wuƙa. Mu mun san ƙiyasi ne, don rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006. Wanda ya haɗa sanin gida da iya rubutun umarni shi ake nema a hukumomin lafiya, na agaji, na filaye da na noma. In ba mu koya ba, za mu ci gaba da zama masu riƙe waya a rana muna tattaro bayanai, wasu su yi nazarin su karɓi kuɗin.

Ƙorafe-ƙorafen da nake ji

Wani zai ce, "Malam, ai ba wuta, ba data, kwamfutar tawa ma tsohuwa ce." Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan ba. Sai dai R bai kai megabait 100 ba wajen saukewa, kuma yana tashi a kwamfutar da manyan manhajoji suke ƙin buɗewa. Mutum ɗaya ya sauke shi da kayan aikinsa da bayanan jihar, ya zuba a filash, aji guda ya wadatu. Bayan haka ba a buƙatar intanet. Hotunan tauraron ɗan Adam ne masu nauyi, su ma ana yanko iya yankin da ake so.

Wata za ta ce, "Ni fa ba 'yar kimiyyar kwamfuta ba ce." Makon farko akwai wahala, ban ɓoye ba. Waƙafi ɗaya ya ɓace sai jan rubutu ya cika allo. Amma wanda ya haddace dabarun lissafin da muke haddacewa don jarrabawa ba zai kasa riƙe umarni ashirin ba, kuma ashirin ɗin sun isa firojet. Littafin Geocomputation with R yana intanet kyauta ga mai son bi daki-daki. Abin lura kawai: tsofaffin darussa da yawa suna koyar da rgdal da rgeos, waɗanda aka yi wa ritaya a watan Oktoban 2023. Ka ga darasi da su, ka nemi sabo.

Wani kuma zai ce QGIS ma kyauta ne, kuma ya fi sauƙi. Na yarda, ni ma ina amfani da shi. Wajen bin hoto kana zana iyakar gona da hannu, ko gyara taswirar da za a buga, QGIS ya fi daɗi. Amma idan aikin ya zama a maimaita abu ɗaya ga ƙananan hukumomi 44, ko a gwada alaƙar ruwan sama da amfanin gona na shekara ashirin, rubutun umarni ya fi. Ba kishiyoyi ba ne, a koyi biyun.

Akwai kuma abin da ba a cika tambaya ba amma ya fi duka nauyi, wato amana. Lambar GPS ta gidan mutum tana nuna ƙofarsa. A halin tsaron da muke ciki, taswirar da ta nuna gidan mai shanu da yawa, ko gidan mai wata cuta da ake ƙyama, tana iya jawo masa bala'i. Masu binciken lafiya na NDHS da gangan suke gusar da wuraren da suka yi aiki kafin su saki bayanai, har kilomita 2 a birni, har 5 a yawancin karkara. Mu ma a firojet mu tara bayanai a matakin mazaɓa ko unguwa, kada mu buga ɗigon gidan kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanmu kamar yadda ta hau kan kamfanoni.

Abin da nake roƙo

Ga malamanmu, da girmamawa: ba sai an jira an sauya manhajar karatu daga sama ba. A cikin darasin kwamfuta da ake da shi a ware mako uku ga R da taswira. Duk firojet ɗin da ya zo da taswira a buƙaci ɗalibi ya faɗi inda ya samo bayanan, shekararsu da ma'aunin da ya yi amfani da shi, ya kuma liƙa rubutun umarninsa a ƙarshen littafi. Taswirar da aka kwafo ba tare da tushe ba a mayar da ita, kamar yadda ake mayar da babin da aka kwafa.

Ga ƙungiyar ɗalibai: ana kashe kuɗi a makon ɗalibai kan kiɗa da riguna, ba na ce a daina ba. A cire kuɗin man janareta na Asabar huɗu, a nemi izinin ɗakin kwamfuta, a sa waɗanda suka iya su koya wa waɗanda ba su iya ba. A ware lokacin da 'yan'uwanmu mata da ke kwana a gida za su samu halarta, ba bayan magariba ba. A ajiye filash ɗaya a ofishin ƙungiya mai ɗauke da R, kayan aikinsa da bayanan jiharmu.

Aikin gwaji kuma yana gabanmu: harabar makarantar nan. Famfo nawa ke aiki, wace fitila ce ta mutu a hanyar hostel ɗin mata, ina ruwa ke kwanciya da damina? Ɗalibai ashirin da wayoyinsu za su tattara wannan a yini ɗaya. Ranar da shugabannin ƙungiya za su zauna da hukumar makaranta, su shiga da taswirar a hannu.

Mu 'yan ajin ƙarshe lokacinmu ya ƙure, wata kaɗan ya rage. 'Yan aji ɗaya, ku kuna da shekara guda cur kafin a ce ku kawo taken firojet. Ku fara da ƙaramar hukumarku: ku sauko da iyakarta, ku ɗora makarantun firamaren da ke cikinta, ku duba ko taku tana inda kuka san ta.